Waiwaye: Lawali da Takalman Ummaru

Shekara goma sha biyar ke nan da muka kai Lawali makwancinsa a Bungudu, amma har yau idan na ji ana gardamar shari'a a rediyo sai in waiga gefena, kamar zan same shi zaune in tsokane shi. Taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa lami lafiya ba. Shi yana kirana bawansa, ni kuma ina ce masa ubangidan da bai iya riƙe fartanya ba. Na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, shi kuwa ya zama lauya, ya buɗe ofis a Gusau, ɗaki ɗaya tal da fankar da ƙararta ta fi iskarta yawa. Ranar da na fara ganinsa da baƙar riga da farar hular gashin nan ta lauyoyi, na tambaye shi tunkiyar wa ta kwanta masa a ka. Ya ce bawa ba ya tambayar kayan sarauta.

Na kan yi tunanin abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Yanzu duk mai waya a hannu lauya ne. Kotu ta yanke hukunci da safe, kafin azahar masu shayi sun ɗaukaka ƙara sun kuma yanke nasu. Yaran da na koyar suna jero sassan kundin tsarin mulki kamar karatun allo. Na tabbata zai yi dariya har ya share ƙwalla, kuma na tabbata zai ji daɗi, domin ya yi zamanin da ambaton kundin nan a bainar jama'a sai mai ƙarfin hali.

Wanda bai ga ƙarshen mulkin soja ba, bari in ba shi hoton a taƙaice. Jiharmu tana jaririya a lokacin, ba a daɗe da yanko ta ba. An dakatar da wasu sassa na kundin tsarin mulki, dokar soja ce a sama da komai. Daga cikin dokokin akwai waɗanda suka ba hukuma ikon tsare mutum, sannan suka ƙara da cewa babu kotun da ke da hurumin tambayar dalili. Wato an ba ka kotu, an ba ka alƙali, an kuma gaya wa alƙalin cewa wannan ƙofar kada ya leƙa. Na sha ce wa Lawali ya rufe ofis ya dawo mu yi noma, tunda an kashe sana'arsu. Sai ya ce kundin nan dakatar da shi aka yi, ba a binne shi ba. A lokacin na ɗauka zancen lauyoyi ne kawai, irin wanda suke yi don kada su ji kunya.

Abin da ya sauya mini tunani ya faro ne daga wata ruga a bayan Furfuri. Rugar Malam Buba ce. 'Yan shanun gidanmu a hannunsu suke tun zamanin kakanni, su kuma bayan girbi su sauka a gonarmu su bar mana taki. Babban ɗansa shi ne Ummaru, mutum mai shiru-shiru, da mata ɗaya, Dije, da yara ƙanana. Wata ranar kasuwa ya bi motar dabbobi zuwa Tsafe don sayar da bijimi. A ranar ce wata runduna da aka kafa don farautar ɓarayin shanu ta yi wa kasuwar ƙawanya, ta kwashe duk wanda idonta ya faɗa a kansa. Ummaru bai dawo ba. Aka bi ofis-ofis a Tsafe da Gusau, kowa ya duba littafinsa ya ce babu mai wannan suna a wurinsa.

Damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, sai wani direba ya tsaya a bakin hanya ya sauke wani ƙunshi da sanda a ɗaure a jikinsa. Ya ce wani mutum ne ya ba shi a tasha, ya ce a kai rugar Malam Buba. Da aka kwance sai ga malfar Ummaru, da takalmansa, da ɗamararsa, da layar da yake ratayawa a wuya.

A wajenmu, Hausawa da Fulani, wannan saƙo fassara ɗaya gare shi. Idan mutum ya tafi cirani ko fatauci ajali ya riske shi a can, abokan tafiya su binne shi, su ƙunso kayansa su kawo gida. Ba a ma bukatar a yi magana, ganin ƙunshin ya isa. Balle kuma sanda. Kowa ya san makiyayi ba ya rabuwa da sandarsa yana numfashi. Aka yi salati, aka yi kuka, aka aika wa dangi, aka sa ranar sadaka.

Babur ɗina ya lalace a makon, shi ya sa na je na tasa Lawali gaba ya kai ni gaisuwa a tsohuwar motarsa. Ya yi ta mita a hanya cewa yau ubangida ya zama direban bawa. Muka sami maza zaune a kan tabarmi a gindin wani kirya, limamin Furfuri yana tsakiya. Ta bayan bukkoki mata sun jiƙa gero a manyan ƙore, suna jiran ya yi laushi a daka gumbar sadaka. An ce Dije ta riga ta cire 'yan kunne da awarwaro, tana shirin shiga takaba. Idan ta gama, 'yan'uwanta za su zo su tafi da ita, a raba shanun Ummaru gado, yaran su tashi marayu. Komai yana tafiya bisa tsari, yadda aka saba.

Bayan an shafa fatiha, sai na ji Lawali ya ce a nuna masa kayan da aka kawo. Na mintsine shi a cinya, domin wannan ba maganar wurin makoki ba ce. Bai ko dube ni ba. Aka kawo ƙunshin, ya baje shi a kan tabarma, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Baba, wa yag ga gawa?"

Malam Buba ya ce, "Ba wanda yag gani. Kayanai anka kawo."

"Wa yay yi mishi wanka? Wa yas sallace shi?"

Tsohon ya ɗago kai a hankali, ransa a ɓace. "Yaro, mutum na aiko da sandatai gida yana raye?"

Lawali ya ce, "Baba, dubi abin da anka kawo. Ga hula, ga takalmi, ga ɗamara, ga laya, ga sanda. Ina riga? Ina wando?"

Sai ya yi musu bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce duk wanda za a kulle, a bakin kanta ake tuɓe masa ainihin waɗannan abubuwa, don ba a barinsa da abin da zai ɗaure wuya ko ya bugi wani. Riga da wando kaɗai ake bar masa. Mamaci kuwa likkafani ake yi masa, rigarsa ita ce farkon abin da ke dawowa gida. Mai yiwuwa wani ne da aka sako, ko wani mai tausayi a cikin masu gadi, ya ga kayan suna yashe ya aiko da su, bai san abin da aiken ke nufi a wurinmu ba.

Ya ce, "Ban ce yana da rai ba, Baba. Na ce ba mu sani ba. Wanda ba a sani ba, ba a yi mishi sadaka."

Mu duka mun ga kayan nan, dattawa da malamai, mun ga abin da ke ciki. Shi kaɗai ya ga abin da babu. Wasu daga cikin dangi suka fara gunaguni cewa ɗan boko ya zo ya tayar wa mutane da miki, ya hana bawan Allah samun addu'a. Liman ne ya raba gardamar. Ya ce ko a littattafansu, wanda ya ɓace ba a yi masa takaba ko a raba gadonsa sai alƙali ya bincika ya yi hukunci. Da aka ce to geron da aka jiƙa fa, sai ya ce a daka a raba wa yara, da niyyar Allah ya bayyana shi.

Lawali ya ce zai shigar da ƙara, a gaya masa cikakken sunan mutumin. Nan aka yi cirko-cirko. Ummaru ɗan fari ne, mahaifinsa bai taɓa furta sunansa ba tun ranar suna, sai dai ya ce "yaron nan". Aka aika wajen Dije, ita ma kunya ba za ta bari ta kama sunan miji ba. Mahaifiyarsa kuwa ko kusa. Duk mutanen da suka fi ƙaunarsa a duniya, babu mai iya faɗin sunansa. Ni ne dai na faɗa, Lawali ya rubuta. Kafin mu tashi ya aika wa Dije cewa ta mayar da 'yan kunnenta, kuma duk ranar zaman kotu ta zo da takalman nan.

Ban taɓa shiga kotu ba sai a dalilin wannan ƙara. Da Turanci ake yin komai, saboda haka aikina shi ne in zauna a bencin baya tsakanin Malam Buba da ƙofa, ina raɗa masa abin da ake cewa, in kuma fita in gaya wa Dije, wadda ta fi son zama a gindin dalbejiyar da ke harabar da ƙunshinta a cinya. Al'adar kotu ce idan an zo kan shari'a, masinja ya fita bakin ƙofa ya kira sunan mai ita da ƙarfi har sau uku. Ranar farko da ya ɗaga murya ya ce "Ummaru Buba!" na ga Dije ta zabura, ta sunkuyar da kai. Babu wanda ya amsa. Daga baya ta gaya wa matata cewa ko ba a yi komai ba, wannan kiran ya ishe ta zuwa Gusau. A ƙauye an fara cewa marigayi idan za a ambace shi. A bakin ƙofar nan kaɗai ake kiransa kamar mutumin da ake sa ran zai amsa.

Lauyan da ke kare hukuma mutum ne mai ladabi, kuma ya san aikinsa. Ya tsaya a kan abu biyu. Na farko, dokar soja ta hana kowace kotu tambayar dalilin tsare mutum. Na biyu, rundunar ta tarayya ce, don haka ko da akwai magana, kotun tarayya za a je, can wani gari mai nisa, ba babbar kotun jiha ba. Bai ce Ummaru yana hannunsu ba, bai kuma ce ba ya hannunsu ba. Da na fassara wa Malam Buba, sai ya ce, "Ashe ko tambaya ba a yi?" Na ce haka dokar ta ce.

Sai Lawali ya miƙe. Wallahi wanda na sani da surutu da tsokana, wanda muka yi dambe da shi a kan rake, sai na ga kamar wani mutum ne daban ya shiga rigar. Bai ɗaga murya ba. Game da wace kotu za a je, ya ce a fahimtarsa kundin ya nuna wa wanda aka taɓa 'yancinsa babbar kotun da ke jihar da abin ya faru, kuma ba a yi wannan tanadi don talaka ya sayar da akuyarsa ya yi kwana a hanya ba. Sannan ya juya kan babbar maganar.

Ya ce, "Ya mai shari'a, na yarda an ɗaure hannun wannan kotu. Ba na tambayar dalilin kama shi. Doka ta ba su ikon tsare mutum, kuma mai rai ake tsarewa. Idan yana hannunsu, su nuna shi, ni kuma in zauna in yi shiru. Idan ba ya hannunsu, to dokar ba ta rufe maganarsa ba, kotu tana da hurumi. Idan kuwa ya mutu, ban ga inda aka rubuta cewa a ɓoye wa uba gawar ɗansa ba. A waje akwai mace da ba ta san ko matar aure ce ita ko mai takaba ba. Amsar wannan kaɗai nake nema."

Na manta da fassara. Sai da Malam Buba ya taɓa ni na tuna da shi.

Amma shari'a ba ta san gaggawa ba. Aka ɗage zama, aka sake ɗagewa. Yau lauyan hukuma bai samu zuwa ba, gobe alƙali ya yi tafiya, jibi an tafi hutu. Aka yi girbi, aka sussuke, shanu suka sauka gonaki. Duk ranar zama Dije tana gindin dalbejiya, masinja ya fito ya yi kiransa, shiru ya amsa, mu koma gida. 'Yan'uwanta suka zo har sau biyu su tafi da ita, suna cewa ana wasa da hankalin 'yar mutane. Ta ƙi binsu. Malam Buba kansa ya fara sanyi. Wata rana a mota ya ce wa Lawali da an bar shi ya yi sadakarsa, da yanzu zuciyarsa ta huta. Na ga yadda Lawali ya riƙe sitiyari. Ya san cewa idan ƙarshen abin ya zama mutuwa ce, to shi ne ya sa tsoho ya yi makoki biyu.

Ga kuma tsoro. A lokacin ana ɗauke lauyoyi kamar yadda ake ɗauke kowa. Wasu baƙin fuska suka fara zaman shan shayi kullum daura da ofishinsa. Mahaifiyarsa ta kira ni ta ce in yi masa magana, tunda ni ba ya jin nauyina. Na je na same shi na ce, "Kai wai ba ka jin tsoro ne?" Ya ce, "Kana tsammanin don ado aka yi rigar nan da faɗi? Don ta rufe rawar gwiwa ce." Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na lura tun daga lokacin ya daina barin iyalinsa su kwana a Gusau, ya mayar da su Bungudu.

Ranar hukunci kotun ta cika, har lauyoyin da ba ruwansu da ƙarar sun shigo sun tsaya a jikin bango. Alƙalin dattijo ne, ba zan kama sunansa ba, Allah ya saka masa. Ya karanta hukuncinsa a hankali, yana gyara tabarau. Ya yarda cewa doka ta hana shi tambayar dalili, kuma ya ce ba zai tambaya ba. Amma ya ce kafin kotu ta yarda an rufe mata baki a kan wani mutum, dole ta tabbata akwai mutumin. Ya ba da umarni a kawo Ummaru gabansa, ya sa rana. Na dubi dattijon nan, ba shi da bindiga, ba shi da ko sanda, mai gadinsa ma ɗan sanda ne guda da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa. Ga shi yana ba masu bindiga umarni. A ranar na fahimci abin da Lawali yake nufi da cewa ba a binne kundin ba.

Ranar da aka sa, ba a kawo kowa ba. Lawali ya roƙi kotu ta kira shugaban rundunar ya zo da kansa ya yi bayani. Alƙali ya ce zai ƙara musu dama guda, ya sake sa rana. Muka dawo jiki a sanyaye. Har na fara shirya kalmomin da zan lallashi Malam Buba da su.

Ranar ta zo. Aka yi ta wasu shari'o'i har rana ta take, zafi ya cika ɗakin. Na ji tsayuwar mota a waje amma ban kula ba. Magatakarda ya ambaci ƙararmu, masinja ya fita bakin ƙofa kamar kullum, da muryar wanda ya gaji da kiran da ba a amsawa. Ya kira na farko. Ya kira na biyu. Yana rufe baki a na uku, sai muka ji daga can ƙarshen baranda, da wata dasasshiyar murya:

"Na'am."

Ban san lokacin da na tsinci kaina a waje ba. Ga shi nan tsakanin mutum biyu masu kaki, ya rame har wuyansa ya yi tsawo, gashi ya cika masa kai, ƙafarsa babu takalmi. Rigar da ya tafi Tsafe da ita ce a jikinsa, ta yi baƙi ƙirin. Dije ba ta yi kururuwa ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta miƙa wa surukinta ƙunshin da hannu biyu. Malam Buba, wanda bai taɓa duban ɗan farinsa ido da ido a gaban mutane ba, ya taka har gabansa, ya durƙusa, ya ajiye takalman a gaban ƙafafunsa. Ya miƙe ya kawar da kai, yana kallon dalbejiya, ya ce kamar da iska yake magana, "Ƙasa da zahi."

Na yi shekaru ina koyar da yara ma'anar kalmomi, amma ban san kalmar da zan sa wa abin da na ji a lokacin ba. Na dai san na yi ta maimaita salati, kuma masinjan nan da kansa ya juya baya yana share ido da hularsa.

Kada mai karatu ya ɗauka a ranar muka tafi da shi gida. Alƙali ya tambaye shi sunansa, ya rubuta cewa ya gan shi da idonsa yana raye, sannan ya ce tunda ya tabbata yana hannun hukuma, dokar ta hau kansa, ba shi da ikon sakinsa. Aka mayar da shi mota. Na fusata, na ce wa Lawali, "Wannan ce nasarar taka?" Ya ce, "Jiya ba kowa ba ne. Yau mutum ne da kotu ta gani. Ɓatar da irinsa yana da wuya." Haka kuwa aka yi. Aka fara barin a kai masa fura, kuma ana cikin shirye-shiryen mayar da mulki ga farar hula aka sako shi, ba tare da an taɓa tuhumarsa da satar ko ɗan maraƙi ba. Ya koma rugarsu ya tarar da matarsa a ɗakinta, shanunsa ba a raba ba.

To me Lawali zai ce da ya ga yau? Kundin da ya yi wa biyayya yana sume, ga shi ya farfaɗo, har yau ana rantsar da shugabanni a kansa. Wannan zai faranta masa rai. Amma hanyar Tsafe da muka bi hankali kwance, yanzu sai da addu'a da duban agogo. A Nahuce da Magami da ƙauyukan da ke tsakani, akwai gidaje da yawa da ke cikin halin da Dije ta shiga, an ɗauke musu mutum, ba su san ko za su yi sadaka ko su ci gaba da jira ba. Waɗanda suka ɗauke shi kuma ba su da ofishin da za a kai musu sammaci. Zumuncin da ya sa shanunmu suke kwana a hannun Malam Buba ya yi rauni, rugar ma ta tashi, Ummaru ya yi kudu da iyalinsa. Ba zan yi wa mamaci ƙaryar cewa yana da maganin wannan ba. Na dai san zai ƙi yarda a yi wa kowa kuɗin goro, Bahaushe ko Bafillace, domin ya ga abin da kamun kan mai uwa da wabi ya yi wa mutumin kirki. Na kuma san zai ci gaba da yin tambayarsa ta gindin kirya, wa ya gani, ko da kowa ya gaji da jinta.

Idan aka ce me ya rage na Lawali, ba abu mai yawa ba ne a ido. Ofishinsa ya zama shagon cajin waya. Littattafansa rabi gara ta ci, rabi na wurin ɗansa. Hukuncin nan ban taɓa jin an buga shi a wani kundi ba, kuma ban tsammanin ɗaliban shari'a suna karanta shi. Amma a yankinmu, har yau idan aka kawo kayan wani ba tare da gawa ba, sai ka ji wani dattijo ya ce a dakata, a duba ko da riga a ciki. Da yawansu ba su ma san daga inda maganar ta samo asali ba.

Sauran abin da ya rage, ranar jana'izarsa na gan shi. A wani asibiti na nesa ya cika, da hantsi. Motar da ta ɗauko kayansa ta riga wadda ta ɗauko shi isowa, aka ajiye jakarsa a zaure, takalmansa da hularsa a kai. Ummaru ya iso daga ruga a ƙafa, lokacin ba su tashi ba tukuna, ya tsaya ya dubi kayan nan. Aka ce ya zauna, ya ƙi. Aka miƙa masa hannu a yi masa gaisuwa, ya ƙi karɓa. Ya ce, "Kaya na nig gani. Ban ga mutum ba." Haka ya tsaya cikin rana har motar ta iso. Na kama hannunsa na shigar da shi, aka buɗe masa fuskar, ya daɗe yana kallo.

Da ya fito, sai ya tsaya a bakin ƙofar zauren, ya fuskanci waje, ya gyara tsayuwa yadda masinjan kotu yake yi. Ya ɗaga murya ya kira, "Lawali!" Wasu malamai suka yunƙura za su hana shi, na ce su ƙyale shi. Ya sake kira. Ya kira na uku. Sannan ya saurara, mu ma duka muka saurara, har ana jin kukan kurciya a kan bangon masallaci.

Ya juyo ya dube ni, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Malam, wanga karon ba a amsa ba. A gaya ma mata su jiƙa gero."

Allah ya jiƙan ubangidana. Yau na yarda da bakina, tunda ba ya nan balle ya yi mini dariya.